Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekarar da 'yata ta cika bakwai na kai ta makarantar unguwarmu, Abdulkafi, a Sabha. Ba mu yi minti goma a ofishin shugaban makarantar ba ta fita da gudu, ni kuma aka tsare ni a bakin ƙofa ana tambayata inda na sato ta.

Daga ƙasar Damagaram na fito. Na biyo ta Agadas da Dirku a bayan mota, da sanda tsakanin ƙafafuna don kada in faɗo. Tarabulus na nufa. Na tsaya Sabha in yi aikin wata biyu, ban sake gaba ba. Na ɗauki bulo, na haƙa masai, na hau dabino a Samnu da Gudwa har tafin ƙafata ya daina jin ƙaya. Sau biyu ana kama ni. A kamu na biyu aka miƙo mini takarda aka ce in dangwala. Na dangwala. Har yau ban san abin da na yarda da shi ba. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Da masu ɗaukar yara suka zo ƙauyenmu, mahaifina ya saka ni cikin rumbu ya rufe, na yini zaune a kan gero. A ganinsa ceto na ya yi. Ban riƙe shi a rai ba.

Da na zauna sosai na aika aka kawo mini matata. A ɗakinmu ta haihu, wata tsohuwa mutuniyar Agadas ta yanke cibiya. Babu asibiti, babu takarda. Yarinyar ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. A wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle a ce sunan wadda ta haife shi ne. Tun ranar suna bakina bai furta shi ba. Uwata nake ce mata, shi take amsawa.

Gidan da muke ciki ɗaki shida ne, duka baƙi, babu mai takardar zama. Dokar gidan ɗaya ce, kada a rubuta ka. Kowa yana da sunan aiki wanda ba nasa ba, ni ma ina da nawa. Tun yarinyar tana shekara huɗu na fara koya mata. Ranar Juma'a bayan la'asar nakan ɗauki guntun kwali in riƙe kamar littafi, in haɗe fuska, in tambaye ta da Larabci: mene ne sunanki, wane ne ubanki, ina gidanku. In ta amsa in ja mata kunne. In ta yi shiru in ba ta dabino. Na ce mata, duk wanda ya buɗe littafi ya tambaye ki, ki rufe baki. In ya tashi tsaye ko ya ɗauki waya, ki gudu bayan tankin ruwan da ke kangon bayan gida, ki zauna har in zo.

Wata rana ta tambaye ni, "Baba, in kai ne ka ce in yi magana fa?"

Na ce, "Ko ni ne kada ki yi. In kin ji na ce haka a gabansu, tilasta ni aka yi."

Ta riƙe wannan fiye da yadda na riƙe shi.

Matata tana yi wa wata Balarabiya wanki a layin bayanmu. Malama ce a makarantar, abla suke ce wa malamai mata a nan. Yarinyar takan bi uwarta. Wata rana abla ta ji ta tana faɗa da 'ya'yan gidan a kan igiyar tsalle, da Larabcin Sabha tsantsa, har da zagin da ni ban sani ba. Ta ce wa matata, me wannan take yi a gida? An ce makarantu su karɓi 'ya'yan baƙi, ku kawo ta.

Matata ta faɗa mini ina cin tuwo. Kwana uku ina juya maganar. Abin da nake gani kawai shi ne ɗan yatsana da tawada a kai.

Akwai wata kwanar titi da muke tsayawa da safe, masu neman lebura su zo da mota su zaɓa. Nan na faɗa wa abokina, wani Bakano mai walda da muke gida ɗaya. Ya ajiye kofin shayinsa ya kira sauran.

"Jama'a ku zo ku ji! Badamagare ya zama ɗan ƙasa. Gobe sai mu gan shi yana tsare mu a shinge yana cewa ina takarda."

Na ce, "In na tsare ka ba zan tambayi takarda ba. Warin bakinka ya isa shaida."

"Kai da ba ka san alif ba, wa zai duba mata aikin gida? Jakin mai gona?"

"Ko jakin ya fi waldarka riƙo. Ƙofar da ka liƙa mana da kafaɗa muke tokare ta."

Aka yi dariya. Sai ya matso ya rage murya. Ya ce, "Ba wasa nake ba yanzu. Makaranta littafi ce. Littafi kuma hannu yake sauyawa. Mu masu wucewa ne, ɗan'uwa."

Na ce, "Shekara nawa kana wucewa? Furfura ta fito maka a kwanar nan."

Mota ta zo aka ɗauke shi.

Ranar Lahadi na sa rigata ta Juma'a. Uwarta ta yi mata kitso, ta wanke mata ƙafa da dutse. Abla ta ce za ta tarye mu a ƙofa, amma an riga an shiga aji, mai gadi ya nuna mana ofis kai tsaye. Mudir suke ce wa shugaban. Dattijo ne mai tabarau, ga babban littafi a buɗe a gabansa. Na ga idon yarinyar ya sauka a kan littafin. Ban kawo komai a raina ba.

Ya ce, "Takardar haihuwa, ya hajji."

Na ce babu. Ya ce to yaya zai san shekarunta? Wannan na zo da shirinsa. A ƙasarmu in ana ɗaukar yara, yaro yakan ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren, in ya kamo ya isa shiga. Na kama hannunta na ɗora mata a ka, ta kamo kunnen har da saura. Na dubi mudir ina jiran ya rubuta. Ya cire tabarau ya dube mu.

Ya ce, "Kunnenta ke ciwo?"

Na yi ƙoƙarin bayani. Larabcina na aiki ne, kawo, kai, ɗaga, sauke. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce to bar wannan, mene ne sunanta?

Na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Ba mantuwa ba ce. Shekara bakwai ban kira shi ba, kafin nan shekara talatin ban kira mai shi da shi ba. A gaban baƙo, a tsaye, kamar in tuɓe riga a kasuwa. Na ce masa, tambaye ta, ta iya Larabci.

Ya juya gare ta da murya mai taushi. "Ya binti, mene ne sunanki?"

Shiru. Ta kafa ido a bango.

"Wannan mutumin babanki ne?"

Shiru.

Na ce mata da Hausa, "Uwata, yi magana. Faɗa masa."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na sake cewa, da tsawa wannan karon. Ta danne leɓenta da haƙori. Sai a lokacin na tuna abin da na gaya mata da bakina.

Mudir ya miƙe tsaye. Ya ce, mutum bai san sunan yarinya ba, ba shi da takardarta, tana tsoronsa, ta ƙi cewa ubanta ne. Ya kai hannu ga waya. Kafin ya ɗaga ta yarinyar ta wuce ta ƙarƙashin hannun mai gadi ta fice. Na juya zan bi ta, mai gadi ya cika hannu da wuyan rigata. Malamai suka fito. Wani yana cewa a kira 'yan sanda, wani yana cewa irinsu ne masu sayar da yara. Ban ɗaga hannu ba. Na san abin da ke biyo bayan ɗaga hannu. Abla ce ta fito daga aji da alli a yatsunta, ta rantse musu ta san uwar, ta san yarinyar tun tana goye. Aka sake ni. Mudir ya ce kada ya sake ganina a harabarsa.

Na same ta bayan tankin ruwa, ta haɗa kai da gwiwa, takalmi ɗaya ya faɗi a hanya. Ta ɗago ta ce, "Baba, na yi daidai?"

Na ce, "Kin yi daidai."

"Ko da ka yi mini tsawa ban faɗa ba."

"Na gani."

Na ɗauke ta a kafaɗa muka koma gida.

Matata ta saurari labarin tana tankaɗe. Ta ce, "Ka koya wa yarinya zama kurma, ka kai ta inda ake magana. Me kake jira?" Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na bar ta, gaskiya ta faɗa.

Bayan kwana biyu abla ta zo gidanmu da hantsi, da jaka da littattafai a hannu. Kafin ta gama sallama tsakar gidan ta zama wayam. Wani ya haura katanga ya bar tukunyarsa a wuta. Ta zauna a kan tabarma ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce ta yi wa mudir bayani, bai gamsu ba amma bai rufe ƙofa ba. Abu uku yake so. Wata takarda, kowace iri, mai sunan yarinyar. Sunan uba na gaskiya da inda yake kwana. Sannan ya ji daga bakin yarinyar cewa ni ne ubanta.

Na ce takarda kam babu, ni na hana a karɓi kowace takarda a ɗakina. Matata ta tashi ba ta dube ni ba. Ta jawo kwallar da take ajiye zannuwa, ta zazzage, ta zaro wani kati a naɗe cikin leda. Katin rigakafi ne. Ashe tun yarinyar tana wata biyu take kai ta asibitin unguwa in na tafi aikin dabino. Ga suna, ga ranar haihuwa, ga hatimi har biyar.

Na ce, "Shekara bakwai kina ɓoye mini wannan?"

Ta ce, "Da ka gani da ka ƙona."

Da na ƙona ɗin.

Saura maganar gida. Da la'asar mutanen gidan suka taru a kaina, tsohon da ya fi mu daɗewa yana tsakiya. Ya ce sun ji komai ta taga. Ya ce in na rubuta gidan nan a littafin hukuma, na rubuta mutum ashirin da ba su aike ni ba. Akwai mai ciki, akwai wanda ya fito daga kurkuku wata ɗaya da ya wuce. Ya ce 'yarka ɗaya ce, mu muna da yawa.

Na ce, "Baba, gaskiyarku ce. Ba zan rubuta gidanku ba."

Ya ce, "Madalla. Ka haƙura, in kun koma gida ta shiga can."

"Ban ce na haƙura ba. Na ce ba zan rubuta gidanku ba. Zan nemi inda zan rubuta."

Bakano ya ce, "Ka haukace? Ka fita daga cikin mutane ka zauna kai kaɗai da mace da yarinya? In an zo maka wa zai yi maka kururuwa?"

Na ce, "Sau biyu aka kama ni ina cikin mutane. Ban ji kururuwar kowa ba."

Wannan ta yi masa zafi, don ranar kamu na biyu yana wurin, ya tsere ta bayan gida. Ban faɗa don in ci masa fuska ba. Ya tashi ya shige ɗaki.

Akwai wani mai gona a Samnu da na yi wa hawan dabino kaka shida. Yana da gini a ƙarshen Abdulkafi da ya tsaya a linta, ɓarayi suna kwashe masa rodi. Na same shi na ce zan yi masa gadi in ya bar ni in zauna a ɗakin ƙasa, kuma in ya yarda in faɗi sunan wurin a makaranta. Ya ce faɗi, gininsa ne, ba na sata ba. Ɗakin babu ƙofa babu taga. Muka kwashe kayanmu a baro, sahu uku. Babu wanda ya raka mu. Washegari da rana sai ga Bakano da ƙofar ƙarfe a bayan wata mota, ya jingine ta, ya liƙa, bai gaishe ni ba. Da zai tafi ya ce, "Wannan ma ka tokare ta da kafaɗa."

Abin da ya rage shi ne bakin yarinyar, kuma shi ya fi wuya. Na zaunar da ita na ce dokar ta canja, wannan littafin daban ne, ta yi magana. Ta ce to. Na ɗauki kwali na gwada ta. Shiru. Na ce ba gwaji ba ne, da gaske nake. Ta ce, "Haka kake cewa kullum, in na faɗa ka ja mini kunne." Uwarta ta gwada, abla ta gwada. Da abla takan yi surutu har a gaji, amma da an buɗe littafi sai ta dubi bango. Mako guda muna haka. Abla ta ce ana gab da rufe ɗaukar yara, in ya wuce sai baɗi, baɗi kuma ba ta san wane ne mudir ba.

Na ce mu je haka nan.

Muka shiga mu huɗu, ni da ita da uwarta da abla. Mudir bai ce mu zauna ba. Ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya, ya kife shi a kan tebur ya ɗora hannu a kai. Ya buɗe littafin. Yarinyar ta sami bangonta ta kafa masa ido.

Ya ce, "Sunanka."

Na faɗi sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakin wani tun Dirku. Na faɗi na mahaifina da na kakana da ƙauyenmu. Ya tambayi inda nake kwana. Na faɗi layin, na faɗi ginin, na faɗi mai shi. Ya ce takardar zama fa? Na ce ba ni da ita, ban taɓa yi ba, in zai rubuta wannan ma ya rubuta. Alƙalaminsa ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Ina jin yarinyar ta matso ta kama gefen wandona.

Ya ce, "Sunan yarinyar. Yana ƙarƙashin hannuna. Ina so in ji daga gare ka."

Matata ta sunkuyar da kai. Na nemi gafarar mahaifiyata a zuci, tana kabarinta a can gida. Ban dubi mudir ba, yarinyar na duba. Na kira sunan da ƙarfi, yadda ake kiran mutum daga nesa.

Ta juyo a firgice. Ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Ta dube ni ta dubi uwarta, ta sake dubana. Ta san ko da duka ba a fitar da wannan daga bakina don wasa.

Ta ce, "Na'am, Baba."

Na ce, "Faɗa masa."

Ta juya ga mudir ta faɗi sunanta da nawa. Ta ce wannan babana ne, wannan mamata ce. Ta ce shekararta bakwai, tana iya ƙirga har ɗari, kuma ranar nan takalminta ya faɗi a bakin ƙofarsu, ko mai gadi ya tsinta? Abla ta rufe baki da gyale. Mudir ya ɗaga katin ya duba, ya rubuta. Bai ba ni haƙuri a kan ranar farko ba, ni ma ban nema ba. Ya ce gobe ƙarfe takwas, da riga irin ta makaranta, kuma kada a makara. Ya tura mini littafin da tawada. Na ce wa abla ta karanta mini abin da ke layin tukuna. Ta karanta duka, tun daga farko. Sannan na dangwala.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Makon farko wata yarinya ta ƙi zama kusa da 'yata, ta ce baƙa ce. Wani uba ya zo ya yi hayaniya cewa benci ya yi wa 'ya'yansu kaɗan an kawo na baƙi. Na ji labari, na je na auna bencin da igiya, na haɗa guda biyu da katakon da aka bari a gininmu, na kai a ka na ajiye a bakin aji. Da 'yata ta dawo da kuka wata rana ta ce ba za ta koma ba, na ce za ki koma, in sun gaji su su bar miki ajin. Ta koma.

Mutanen tsohon gidanmu har yanzu wasu ba sa amsa sallamata. Babu wanda ya je musu. Ni an sake kama ni sau ɗaya a shingen hanyar Samnu, na yi kwana tara, mai gona ya fito da ni. Ba littafin makaranta ne ya kai su gare ni ba, fuskata ce. Ko da shi ne, da na sake rubutawa.

Yanzu tana aji uku. Ina Sabha, a ɗakin ƙasa na ginin da ba a gama ba, ƙarshen Abdulkafi, ina gadi. Takardar zama har yau ba ni da ita.